Taku Talatin da Bakwai na Malam Ɗan'inna

Malam Ɗan'inna ba malamin allo ba ne irinmu. Mutane ne suka ba shi malantar saboda abin da ƙafarsa ta sani. Fiye da shekara talatin muna yawo tare a ƙauyukan da ke tsakanin Miga da Dutse, duk inda mai gona ya rasu ya bar magada. Ni nakan zauna a inuwa in fitar da rabon kowa yadda littafi ya ce. Shi kuma ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga gonar ya auna ta da taku. Inda ya kafa sandarsa, nan ake dasa gamba, kuma nan ce iyaka.

Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kawo mahaifinsa gida a amalanke. Maƙwabcinsa na gona ne ya sare shi da gatari a gindin wuya, a kan kunya biyu. Kwana uku jinin bai tsaya ba, a na huɗu aka kai shi makwanci. Ɗan'inna bai taɓa ba ni labarin nan da bakinsa ba, a wurin yayarsa na ji. Amma na lura in muka je rabo ya ga wani da gatari a kafaɗa, ba ya ɗaga ƙafa sai an mayar da gatarin gida.

Takunsa ɗaya ne, a tudu ko a gangare, da safe ko da rana tsaka. Wasu samari 'yan boko sun taɓa bin sawunsa da tef ɗin awo don su kama shi, ba su sami kuskure ba, suka naɗe tef ɗinsu suka tafi. Yakan zuba ƙwallayen dabino a aljihun dama, duk taku ɗari ƙwallo ɗaya ya koma hagu. Abu guda ne ke ci masa rai a sana'ar. In yana ƙirga ba ya magana. Ka yi masa sallama ya wuce ka, leɓɓansa na motsi. Waɗanda ba su san shi ba sukan ce girman kai ne.

Ya sha ce mini, "Malam, Musulmi ya yi mini sallama in wuce shi kamar jaki? Ina tsoron ranar da za a tambaye ni."

Nakan ce ya amsa in ya gama. Yakan ce ai lokacin sallamar ta huce.

Shekara uku da suka wuce jiri ya kayar da shi a kasuwa. Aka ce hawan jini ne. 'Yarsa Rukayya, wadda ke aikin jinya a Dutse, ta sayo masa agogon zamani, baƙi, mai fuska kamar ƙaramar waya. Yana ƙirga bugun zuciya, kuma duk ranar da Ɗan'inna ya shigo gari takan haɗa agogon da wayarta ta ga yadda zuciyar ta yi a makon. Ta so ɗaura masa a hagu, ya ƙi. Ya ce abin alheri da dama ake karɓarsa.

Daga baya ya gano agogon yana ƙirga taku. Ya gwada shi a hanyar masallaci, shi yana ƙirgawa a baki, agogo yana ƙirgawa a hannu, suka zo daidai. Ya sake gwadawa a bayan gari, suka zo daidai. Ranar da ya zo mini da labarin a Limawa cikin Dutse, inda nake zaune yanzu, yana dariya kamar an yi masa bushara.

Na ce, "To yanzu kai da agogon, wane ne malamin?"

Ya ce, "Shi ya ɗauki ƙirga, ni in ɗauki ladan sallama. Ka ga an raba gado ba da kai ba."

Ya daina zuba ƙwallon dabino a aljihu. Mutane ma abin ya yi musu. Suka ce agogo ba shi da dangi a ƙauyen kowa. Gona goma sha ɗaya muka raba da shi cikin shekara biyu.

Ta goma sha ɗayan tana wani ƙauye gabas da Miga, ba sai na faɗi sunansa ba. Mai gonar ya bar 'ya'ya maza biyu, ba mata, ba iyaye. Rabi da rabi ke nan, lissafin bai ɗauke ni shan ruwa ba. Babban, Sale, shi ya zauna da uban yana noma. Ƙaramin, Sagiru, yana tuƙa adaidaita sahu a Dutse. Gonar doguwa ce, ta taso daga bakin hanya ta haye wani tudu ta gangara, in kana wannan kai ba ka hango wancan. Aka yi ƙuri'a, ɓangaren bakin hanya ya faɗa wa Sagiru.

Sagiru ne ya ce, "Baba, da agogon nan za a yi. Ba raini ba, amma kun fi sanin Yaya Sale, a gidansa kuke shan fura."

Ɗan'inna ya ce ai dama da shi za a yi.

Da sassafe ya taka tsawon gonar duka, ba kowa sai mu, agogo ya ce ɗari shida. Muka karya kumallo. Kafin ya dawo bakin hanya don ya auna wa Sagiru ɗari uku, gari ya ji labarin zuwansa. Dattawa suka yi ta fitowa. Kun san gaisuwarmu. A kama hannu, a kai ƙirji, a sake kamawa, a sake kaiwa ƙirji, ana tambayar gida da gajiya da haƙurin rashi. Yana tafiya yana tsayawa, ba wanda ya wuce bai ba shi hannu ba. Ina kallonsa daga gindin tsamiya, na ce a raina mutumin nan ya samu abin da ya daɗe yana nema. Da agogo ya nuna ɗari uku ya kafa sanda. Aka dasa gamba, aka shafa fatiha.

Da ruwa ya sauka aka yi huɗa, sai Sagiru ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga. Na Sale sun fi nasa da saba'in da wani abu. Ya kai ƙara wurin mai gari. Mutanen da ke zaure suka yi masa dariya.

Wani ya ce, "Kai ka ce agogo. Yanzu kuma agogon ma ya sha furar Sale?"

Aka aiko wa Ɗan'inna. Ya ce agogo bai taɓa saɓa wa bakinsa ba, kuma shi ba ya taka gona sau biyu. Ina wurin ya faɗa. Ban ce masa komai ba.

Washegari Sagiru ya tsige gambar ya watsar a hanya. Sale da surukansa biyu suka same shi a can. Suka kayar da shi a cikin kunya, suka yi ta bugunsa da ƙotar fartanya har haƙoransa biyu na gaba suka zube. Sale ya taka masa wuya, ya cusa masa ƙasar gonar a baki, ya ce ga gadon nan ya ci ya ƙoshi. Mata masu kai abinci gona ne suka yi kururuwa aka janye su.

Kwana tara Sagiru yana kwance. Ranar da ya iya miƙewa ya ɗauki adda ya tafi inda Sale ke ɗaure shanun huɗarsa. Ya sare wa babban bijimin agara, ƙafa biyu na baya. Bijimin ya zauna a kan gindinsa yana jan jiki da ƙafafun gaba, yana wani kuka da aka ji har masallaci. Dole aka yanka shi a wurin. A tsakiyar damina ne, kuma da shi Sale ke huɗa.

Sale bai je wurin mai gari ba. Ya jira ranar kasuwa, Sagiru ya ajiye adaidaitarsa a bakin tasha ya shiga sayen magani. Sale ya zuba mata fetur ya ƙyasta ashana, rana tsaka, mutane na kallo. Sagiru ya fito da gudu, suka rungumi juna a gefen wutar suna birgima. Sagiru ya kama kunnen yayansa da sauran haƙoransa, bai saki ba sai da ya cire rabinsa. 'Yan sanda suka kwashe su, dattawa suka je suka karɓo su bayan kwana huɗu, aka sa su suka yi rantsuwa. Kowa ya koma gida ya wasa abin da yake da shi. Matansu suka daina ɗiban ruwa a rijiya ɗaya.

A makon ne ƙanena ya rasu a Limawa, Ɗan'inna ya zo ya zauna mini karɓar gaisuwa. Tun hantsi muna kan tabarma a ƙofar gida, ba inda ya je sai alwala da salla, masallacin kuma ga shi ga mu. Wajen la'asar agogon ya yi ɓari a hannunsa, wasu taurari suka bayyana a fuskarsa suna tsalle. Ya tsorata, ya zaci zuciyar ce. Ya kira Rukayya a waya.

Na ji muryarta tana dariya. Ta ce, "Baba, barka yake yi maka. Ka cika taku dubu uku yau. Ina ka je haka, kai da na ce ka huta?"

Ya ce, "Ban je ko'ina ba."

Ya kashe wayar. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce, "Malam, ba ni hannunka."

Na ba shi. Ya kama, ya kai ƙirji, ya sake kamawa, ya kai ƙirji, kamar yau muka fara haɗuwa. Ya duba agogon, ya juyo mini da shi. Lambar ta ƙaru da uku. Ƙafarsa na naɗe a ƙarƙashinsa.

Muna nan zaune aka kira magariba.

Bayan salla na ja shi gefe. Na ce masa gona goma sha ɗaya ce, ba ɗaya ba. In ya buɗe baki a kan wannan, sauran goman za su taso, kuma duk gambar da aka dasa da sunansa cikin shekara talatin za a fara yi mata wani kallo. Na ce ya bari a yi girbi, zukata su sauka, sai mu sami mai gari mu uku a cikin ɗaki. Na kawo masa hujjoji masu kyau. Na iya kawo hujja.

Ya ce, "Malam, sunan nawa ne zai kai girbi, ko yaran?"

Ya ce shi ƙauyen zai koma. Ya ce in ba zan je ba, ba komai, ina cikin zaman makoki. Da aka yi sadakar uku na bi shi.

Kafin in iso, ya riga ya shiga gonar shi kaɗai da hantsi, da ƙwallayen dabinonsa, agogon kuma a aljihu. Ya taka ta daga hanya zuwa inda aka dasa gambar. Ɗari biyu da sittin da uku. Ya sa mai gari ya tara mutane a bakin gonar, da Sale da Sagiru. Ya ce a kai adduna da gatura gida, aka kai. Lokacin noma ne, garma da fartanya suna zube ko'ina a cikin kunya, ba wanda ya kula da su.

Ya tsaya a tsakiya, ya cire hularsa. Ban taɓa ganin kansa a waje ba sai ranar.

Ya ce, "Jama'a, gambar nan ba a wurinta take ba. Ni na sa aka dasa ta. Na bar ƙirga na tsaya gaisuwa, agogo ya ƙirga gaisuwar a taku. Haƙƙin Sagiru taku talatin da bakwai yana cikin gonar Sale. Haƙoran nan da kunnen nan da bijimi da keke, duk a wuyana suke. Na kuma ce ba na taka gona sau biyu. Yau zan taka."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani daga baya ya ce, "To tamu fa? Da agogon ka raba mana bara!"

Ɗan'inna ya ce, "Taku ma zan zo."

Sale ya matso, tsumma ɗaure a kunnensa. Ya ce, "Baba, an shafa fatiha a kan iyakar nan."

"An shafa. A kan kuskurena aka shafa."

"Na zuba taki a wurin. Na rasa sa. Dubi kunnena. Yanzu ka ce kuskure?"

"Na ce, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne. Tsohon banza mai agogo."

Mai gari ya daka masa tsawa. Ɗan'inna ya mayar da hularsa, ya tuɓe takalmi, ya je bakin hanya ya fara. Leɓɓansa na motsi, mutane na binsa a baya, wasu na ƙirgawa a bayyane. Ƙwallo ɗaya ya koma hagu. Na biyu ya koma. Ya iso ramukan da aka tsige gambar, bai rage tafiya ba, ya sa ƙafa a cikin geron Sale.

Ina ganin Sale ya sunkuya. Na zaci takalminsa zai gyara. Garma ya ɗauka, babba, irin ta huɗar hannu. Bai nufi kai ba, bai nufi ƙirji ba. Ya san abin da yake nufi. Ya juya ta ya sauke bayan ƙarfen a gwiwar dama ta Ɗan'inna, da duk ƙarfinsa. Ƙarar kamar an fasa busasshiyar ƙwarya. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Kafin tsohon ya kai ƙasa Sale ya ƙara masa a ƙwauri, ƙashi ya huda fata ya fito fari, sannan jini ya rufe shi.

Sale yana ihu, "Taka mana! Tashi ka taka!"

Sagiru ya fizgi fartanya ya yi kan yayansa. Saran farko ya buɗe wa Sale kafaɗa har riga ta rabu biyu. Sale ya faɗi a gefen Ɗan'inna, Sagiru ya ɗaga fartanyar sama da hannu biyu, saitin kai. Mu duka muna tsaye. Ni ma ina tsaye. Ɗan'inna ne, daga kwance, ya jawo jiki ya rungume ƙafafun Sagiru ya ja. Sagiru ya faɗo a kan karyayyar ƙafar. Tsohon ya yi wata ƙara da ban so in sake ji, amma bai saki ba, sai da maza suka farga suka danne su biyun.

Muna ɗaure masa ƙafar da rawanina ya kama mini riga. Na kai kunne. Ya ce, "Ɗari biyu da saba'in da ɗaya na tsaya. Saura ashirin da tara. A riƙe."

Aka kai shi Dutse a bayan motar ɗaukar kaya, Rukayya ta tarye mu a ƙofar asibiti. Ta ga ƙafar, ta ga agogon da na miƙa mata daga aljihunsa, ta zauna a ƙasa. Wata biyu yana kwance. An sa masa ƙarfe, an ceci ƙafar, amma ta gajarce, gwiwar kuma ba ta lanƙwasuwa. Yanzu in yana tafiya, taku ɗaya dogo ne, ɗaya gajere.

Maganar ta je kotu. Sale ya tafi gidan yari, Sagiru ma ya ɗan taɓa. Alƙali ya aiko ma'aikatan safiyo da na'urarsu suka auna gonar. Inda suka kafa turke, mai gari ya sa wani mai tsayin Ɗan'inna ya taka daga tsohon ramin gamba. Ya samu talatin da bakwai, da ɗan rabin tafin ƙafa.

Sauran gonaki goman, tun yana gadon asibiti ya sa Rukayya ta rubuta sunayensu, aka aika wa kowane mai gari cewa a sake awo. Bakwai sun fito daidai, don ranar ba a sami masu gaisuwa sosai ba. Uku an gyara. A ɗaya daga ciki an fasa wa wani kai kafin a gyara. Mutane da yawa sun zage shi a lokacin. Wasu da muka yi wa rabo tun kafin a haifi Rukayya suka je suka tsaya a kan gambarsu suna kallonta. Watanni ba wanda ya zo ƙofar gidansa da maganar gona. Ni aka ci gaba da kira, ni da ban ce komai ba.

Yana nan a gidan Rukayya, unguwa ɗaya muke yanzu. Ta mayar masa da agogon saboda zuciyar, ya karɓa bai yi musu ba. Na taɓa ce masa abin nan ya cuce shi. Ya ce a'a, shi aka ce ya ƙirga motsi, ya ƙirga.

Bayan sallar layya da ta wuce, ina zaune wurinsa wasu mutum uku suka yi sallama, daga wani ƙauye kusa da Miga. Mahaifinsu ya rasu, ya bar gona biyu. Babbansu, Habibullahi, ya durƙusa ya ce sun zo a raba musu.

Ɗan'inna ya yaye zanen da ya rufe ƙafar ya nuna musu. Ya ce, "Ku dubi abin awon. Ya lalace. Ku je wurin masu tef."

Habibullahi ya ce, "Mun sayi tef, Baba, yana cikin buhu. Mu za mu ja. Kai dai ka zauna a inuwa ka gani. In ka ce ya yi, ya yi."

"Ba ku ji abin da na yi ba ne?"

"Mun ji. Shi ya sa muka zo."

Ya mayar da zanen ya rufe ƙafar. Sannan ya tambaye su ko a cikinsu akwai mai gatari. Suka ce akwai, amma yana gida. Ya ce garma fa? Ƙaraminsu ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina.

Da safe suka zo da babur biyu. Mutum biyu suka ɗaga shi suka ɗora a bayan ɗaya, ƙafar a miƙe gefe guda kamar itace, sandarsa a kan cinya. Na hau na biyun, da littafina a cikin jaka, muka kama hanyar Miga.